Jitar da ta karanta sanarwar rasuwa a wurin biki

Ranar farko da saurayin ya shigo shagona rungume da jitar, ban ɗauki maganarsa da wani nauyi ba. Ya ce, "Oga, jitata ce take kama rediyo." Na ce to, kawo mu ji. Na jona ta a amfilifayar da nake gwaji da ita, na murɗa boliyom har ƙarshe, muka yi tsit muna saurare, ni da shi da yaron shagona. Ban da ɗan hucin nan da ba a raba kayan sauti da shi, babu komai. Ya rantse da Allah daren jiya ya ji labarai tiryan-tiryan. Na buɗe murfin baya na auna batir, na ga bolt 7 da ɗoriya maimakon 9. Na sa masa sabo, na ce ya tafi, ciwon ke nan. Ko kuɗin aiki ban karɓa ba.

Bayan kwana 5 sai ga shi ya dawo fuska a murtuke. An gayyace su wasa a wata liyafar biki a bayan gari. Mawaƙinsu ya gama baiti, an tsagaita kiɗa don amarya da ango su shigo, wuri ya yi shiru, sai manyan sifiku suka ɗauki muryar wani mutum yana cewa innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ana sanar da rasuwar wane, za a yi jana'iza gobe da ƙarfe 10. Ya ce wata gwaggon amarya har salati ta saka da ƙarfi. Mai kula da na'ura ya yi ta kashe layuka ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan layin jita muryar ta ɗauke. Tun daga nan abokan wasansa suka laƙaba masa "gidan rediyo".

Na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Amma na ji kunya, don ni na sallame shi da batir.

Jitar ta kawunsa ce, wanda ya yi kiɗa a otal-otal na Kaduna da Jos a shekarun 1980. An taɓa sake mata fenti har sunan da ke kanta ya tafi, sai ƙaramin faranti a bayan wuya da ke nuna ƙirar Japan ce. A wancan zamani masana'antun garin Matsumoto, irin su Matsumoku da FujiGen, sun cika duniya da jitoci masu kyau da sauƙin kuɗi, kuma da yawansu sun bi yayin da ake yi na sa ƙaramar amfilifaya mai batir a cikin jitar kanta. Yayin daga Amurka ya taso. Kamfanin Alembic da aka kafa a 1969 ne ya yi suna da shi, Ovation suka fito da Breadwinner a farkon shekarun 1970, Music Man na su Leo Fender suka zo da StingRay a 1976, Gibson suka biyo da RD Artist a 1977 da fanel, wato ɗan allon kayan lantarki, da kamfanin Moog ya tsara. Ga ɗaya daga cikin dalilansu. Fikof, wato naɗin siririyar wayar da ke kan maganaɗisu a ƙarƙashin tsirkiyoyi, ba shi da ƙarfin tura sauti ta doguwar waya. Kowace mita ta wayar jita tana da kusan fikofarad 100 na kafasita, wato halin tara wuta, a jikinta, in ta yi tsawo sai ta shanye kaifin sauti. In aka sa ƙaramar amfilifaya a jikin jita, ita za ta ɗauki nauyin wayar, fikof ya huta, sauti ya fita tas.

Tamu tana da fanel ɗan ƙarami kamar kwalin ashana biyu, da ai-si, wato ɗan ƙwayar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, mai ƙafa 8 lamba 4558, kuma lambobin da ke jikinsa sun nuna an yi shi a 1981. Akwai ɗan makunni da ke kewaye fanel ɗin gaba ɗaya, jitar ta koma irin ta gargajiya marar batir. Wannan makunnin ya taimake ni daga baya.

Abin da ya fara faɗo mini a rai da na zauna na yi tunani shi ne shagona. Kwantena ce ta ƙarfe, sama da ƙasa da gefe duka. Ko ƙaramar rediyo na kunna a ciki, in ba FM ba, sai na fita bakin ƙofa take kamawa da kyau. Shekara da shekaru ina gwada kayan mutane a cikin akwatin da ke tare igiyar rediyo, ban taɓa kawo abin a raina ba. Mai jitar kuwa gidansu yana unguwar da in ka hau bene kana hango dogon ƙarfen eriyar wani gidan rediyo mai watsa shiri a matsakaicin zango, wato MW ba FM ba, ɗakinsa kuma a saman bene yake. Na ce masa bayan Magariba zan zo.

Na je da mitar awon wuta, da wayoyi biyu nawa, da wata jita marar batir da aka bar mini gyara. Yana jona tasa, ko tsirkiya bai taɓa ba, sai ga murya raɗau, ana hira da wani likitan dabbobi kan ciwon huhun shanu. Ba ƙarau-ƙarau ba, magana ce da za ka iya rubutawa. Na zare wayar daga amfilifaya, shiru. Na mayar da wayar, na cire jitar, na haɗe bakin filogin da jikinsa da ɗan guntun waya, shiru. Na jona ɗaya jitar, sai gurnanin wutar lantarki na hez 50, wato kaɗawa 50 a daƙiƙa, da kowa ya sani, amma babu likitan dabbobi. Na mayar da tasa na danna makunnin da ke kewaye fanel, likita ya ɓace. Na dawo da makunnin, ya ci gaba da bayanin allurar rigakafi. To amfilifaya ta fita, ga ɓarawo a cikin jita, a kan fanel.

A nan ya kamata in ƙara minti 10 in ci gaba da tambayar jitar. Ban yi ba. Na ga kamar na gama gane ta, na rungumo ta na taho shago.

Abin da ya ruɗe ni sabo ne. Amfilifayar masallatai da ke kama rediyo ba sabon abu ba ne a wurina, na gyara sun fi a ƙirga. Doguwar wayar makirfo daga mumbari zuwa ɗakin ladan ita ce eriya, magani kuma shi ne ka liƙa ƙaramar kafasita mai lamba 102, wato fikofarad 1000, a mashigar sauti zuwa at, wato layin da ake zubar da hayaniyar wuta, shi ke nan liman ya yi huɗubarsa lafiya. Sai na yi wa jitar haka. Na kuma lura baƙin fentin da aka shafe ramin fanel da shi, wanda aikinsa tare hayaniyar waje, ya farfashe, mita ba ta ganin haɗi tsakanin wannan bango da wancan. Na sayo tef na jan ƙarfe na shimfiɗe ramin da murfinsa, na ɗiga dalma a duk inda tef ya hau tef, na jawo waya zuwa at. Aiki ya yi kyau a ido, har hoto yarona ya ɗauka.

Washegari da daddare muka jona. Gurnani ya ragu sosai, wannan kam tef ya yi aikinsa. Rediyo kuwa tana nan daram, ko gezau. Mai jitar ya kaɗa 'yan tsirkiyoyi, ya tsaya, ya sake kaɗawa, ya ɗago ya dube ni. "Oga, me ka yi mata? Kamar an rufa mata bargo." Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Gaskiyarsa ce, kuma da na yi lissafi da ban kai ga haka ba. Makirfo ɗin masallaci ba ya jin nauyin kafasita 102, don turjiyarsa 'yan ɗaruruwan om ce. Fikof ɗin jita kuwa naɗi ne na dubban zagaye, ya kai henri 3 ko kusa a ma'aunin naɗi. In ka haɗa naɗi da kafasita, akwai wani amo da suke ɗagawa, abin da ya wuce shi kuma su danne. Da 'yar kafasitar da fikof ke da ita a jikinsa, wannan ƙololuwa tana can sama wajen hez 8000 zuwa 9000, shi ya sa jitar take da wannan ƙyalli da mai ita yake so. Da na ƙara 102 sai na jawo ta ƙasa da hez 3000. Wato abin da masu ƙirar suka sa batir da fanel don su kauce masa, shi na ɗauko na liƙa da hannuna. Nan take na sa filaya na datse ta, ƙyallin ya dawo.

Sai na zauna a ƙasa na yi abin da ya kamata in yi jiya. A wannan jitar boliyom yana gaban fanel ne, in ka murɗe shi ƙasa ka toshe mashigar ai-si ke nan, babu abin da zai zo daga fikof. Na murɗe. Rediyo ba ta ragu ba ko kaɗan. Ba ta ƙofar gaba take shigowa ba ashe, ni kuma can na je na kafa tsaro. Na ɗauki wayarsa mai mita 6 na naɗe ta a hannu kamar igiyar guga, murya ta yi ƙasa. Na warware na miƙe ta wajen taga, ta ɗago. Na sa tawa mai mita 1, da ƙyar ake ji. Na dafa tsirkiyoyi da tafin hannu, maimakon hayaniya ta kwanta kamar yadda aka saba, sai muryar ta ƙara fitowa. Na girgiza filogi a cikin jak, wato ramin da ake cusa shi a jikin jita, ta yi ƙarau, ta ɗauke, ta dawo.

Abu biyu ne suke haɗuwa kafin jita ta yi magana, kuma sai a daren na raba su a kaina. Akwai inda igiyar rediyo take shigowa, akwai kuma inda ake mayar da ita sauti. Igiyar matsakaicin zango tana kaɗawa tsakanin sau 531,000 zuwa 1,602,000 a daƙiƙa, kunne ba ya jin ta, sifika ma ba ta iya bin ta. Muryar mai magana tana hawa ne a kan ƙarfin igiyar, tana ɗaga shi tana sauke shi. Kafin a ji ta sai an sami abin da zai bar wuta ta wuce ta gefe ɗaya ya hana ta dawowa, irin aikin dayod. Tiransistocin da ke bakin 4558 kowannensu yana da mahaɗa da take dayod ce a zahiri. A sautin jita ai-si yana da saurin da zai riƙe komai daidai, amma in igiya mai irin wannan sauri ta iso da ƙarfi sai ya kasa bin ta, mahaɗar ta yanke rabi, abin da ya rage shi ne muryar, sauran fanel ɗin kuma ya ɗauke ta ya ƙara mata ƙarfi kamar kiɗa ce. Shi ya sa tashoshin FM da suka cika garin ba su fito ba. Su ƙarfin igiyarsu ba ya hawa da sauka, sautin a cikin saurin kaɗawar yake.

Ko tsatsa tana iya wannan aikin. A Yaƙin Duniya na Biyu sojoji a Italiya sun riƙa haɗa rediyo da reza da bakin fensir da naɗin waya, ba batir ba komai, tsatsar jikin rezar ce dayod ɗinsu. Da na tuna wannan sai na kwance jak ɗin jitar na haska tocila. Harshensa da ke taɓa jikin filogi ya yi kore-kore. Na sa mita tsakanin jikin filogi da at ɗin fanel, inda ya kamata in ga kusan sifili, sai lamba ta riƙa rawa tsakanin om 20 da 60. Jak ɗin irin mai ƙafa uku ne, domin shi ne makunnin batir: in ka cusa filogi, jikinsa ne yake haɗa baƙar wayar batir da at. Wato duk wutar fanel ta wannan koren harshe take bi, rigar wayar jita ma da ya kamata ta zubar da hayaniya ta nan take bi. In mahaɗar ta lalace, rigar da aka yi don kariya ta zama eriya.

Na ce masa zan sake tafiya da ita, amma wannan karon ba zan taɓa komai ba sai na zana fanel ɗin a takarda. Na kwana biyu ina bin layukan da gilashin ƙara girma, daga ƙafa ta 7 ta ai-si, inda sauti ke fita, har zuwa jak. A nan na ga aikin wani da ya riga ni. Akwai gurbin rizista, wato abin da ke rage gudun wuta, a kan hanyar fita, an cire ta an ɗinke wurin da guntun waya, dalmar ma daban take da ta asali, ta yi dunƙule ba ƙyalli. Kusa da shi ramuka biyu fayau, inda wata kafasita ta taɓa zama. Wayar da ta tashi daga fanel zuwa jak kuma ba mai riga ba ce, jar waya ce ta wutar mota, an bar ta da tsawo an cusa. Na tambayi mai jitar, ya ce kawunsa ya taɓa kai ta gyara da ta daina fitar da sauti, shekaru da yawa da suka wuce. Ban zargi mai gyaran sosai ba. An kawo masa jita ba ta magana, ya sa ta yi magana, an biya shi. Wataƙila shi ma a kwantena yake.

Amma abin da ya cire shi ne ƙyauren ƙofar baya. Mutum zai ɗauka mafitar amfilifaya fita kawai ake yi ta nan. Ba haka ba ne. Daga mafitar ai-si akwai rizista da ke komawa mashigarsa ta biyu, ita ke ƙayyade yawan ƙarin ƙarfi. Igiyar da ta hawo ta wayar jita, in ba ta tarar da abin da zai tare ta ba, sai ta bi wannan rizista ta zagayo har bakin tiransista. Boliyom bai san da ita ba, tef ɗin jan ƙarfe ma bai san da ita ba, don ta cikin waya ta shigo kamar baƙon da aka gayyata.

Gyaran kansa bai kai awa biyu ba. Na sa sabon jak mai ƙafa uku. Na cire jar wayar na sa gajeriya mai riga. A gurbin da aka ɗinke na sa rizista om 470. Sannan na ɗauko kafasita 102, irin wadda ta jawo mini kunya, na liƙa ta a jikin jak ɗin kansa tsakanin bakin sauti da at, ƙafafunta gajeru iya yadda dalma za ta kama, domin a irin wannan sauri doguwar ƙafa ita ma naɗi ce. A nan ba ta da illa, tunda ai-si ne ke tura ta ba fikof ba. Ita da rizistar sai wajen hez 340,000 suke fara rage wani abu, kunnen ɗan Adam kuwa a 20,000 ya tsaya. A kan rizistar da ke komawa baya, mai om 100,000, na ɗora fikofarad 47. Tsakanin ƙafa ta 8 da ta 4, inda wuta ke shiga ai-si, na sa kafasita 104. Kafasitoci biyu masu ruwa da suka haura shekara 40 a wurin na canza su, ɗaya ma gindinta ya yi fari.

Yarona ya kawo shawarar mu canza ai-si ɗin gaba ɗaya mu sa TL062, tunda bakinsa irin tiransistar da ba ta saurin kama rediyo ce, ga shi ba ya shan batir. Shawara ce mai kyau, na kuma gwada, don na riga na sa soket. Sai dai hucinsa ya fi na 4558 yawa, a jita kuwa da za a ƙara wa ƙarfi a gaba, ana ji. Na mayar da na asali. Haka zoben ferait da na ciro daga tsohuwar wayar kwamfuta na maƙala a wayar jitar tun a daren farko, bai yi wani abin kirki ba. Irin waɗannan an yi su ne don igiyoyin da suka fi matsakaicin zango sauri nesa ba kusa ba.

Tunda kwantena ba ta barin rediyo ta shigo, sai na nemi wata dabara ta gwaji. Na ɗauki ƙaramar wayata mai tocila na ɗora a kan wayar jitar, yarona ya kira ni. Tsohon layin GSM yana aika saƙo ne a guntu-guntu sau 217 a daƙiƙa, shi ne wannan "dirit-dirit" da ake ji a sifika kafin waya ta yi ƙara. Kafin gyara har sai da muka toshe kunne. Bayan gyara sai na manna wayar a jikin jak sannan ake jin ɗan alamarsa. Hakan ya kwantar mini da hankali, amma ban ce na gama ba, don igiyar wayar salula daban, ta gidan rediyo daban, kuma an riga an kunyata ni sau biyu.

Dare na uku muka hau bene. Na ce ya kawo wayarsa mai mita 6, ya miƙe ta wajen taga kamar yadda muka yi. Ya jona, ya buɗe boliyom. Shiru. Ya dafa tsirkiya, shiru. Na ce kar mu yi saurin murna, wa ya sani ko wuta aka ɗauke musu. Ya sauka ya aro rediyon mahaifinsa, muka murɗa, ga tashar nan tana aiki, ana karanta farashin hatsi. Muka kashe. Na ƙure amfilifaya har ƙarshe na kafa kunne a jikin sifika, can ƙasa da huci akwai wani abu kamar mutum yana magana a gida na uku. Na ce ya zo ya ji. Ya saurara ya ce shi bai ji komai ba. Na ce akwai, amma ba inda za ka taɓa buɗe ta haka a wurin wasa.

Ya kaɗa ta ya fi minti 10 bai ce uffan ba, yana hawa can ƙarshen wuya inda ƙyallin yake, yana dawowa. Da ya tsaya sai ya ce, "Nawa ne, Oga?" Na faɗa masa kuɗin jak da waya da tef da aikin yini ɗaya, ban sa daren da na rufa mata bargo ba. Na ce ya riƙa zare filogi in ya gama wasa, in ba haka ba batir yana ci ko ba a kaɗawa, kuma duk bayan 'yan watanni ya goge bakin filogin. Muna saukowa mahaifinsa yana zaune a tabarma a tsakar gida, ya miƙo hannu ya karɓi rediyonsa, ya ce, "Malam, an kore ta?" Na ce an kore ta, Baba. Ya ce to madalla, ya murɗa ya ci gaba da jin farashin masara.